Baƙin Ciki

Kwana huɗu Kyalla ba ta yi tuƙa ba.
Ga harawa, ga dusa, ga ɗanyar ciyawa
da na yanko da asuba a bakin kududdufin kuza,
ta sansana, ta kau da kai.
Na kara kunne a kwiɓinta na hagu,
inda na saba jin rugugi
kamar hadari na haɗowa a bayan duwatsun Shere.
Shiru.
Irin shirun Bukuru ranar da aka hana fita.

Allura bakwai aka yi mata, tarin ya tafi.
To, me kuma ya rage?

Tasalla ta zo hutu daga Vom,
farar riga a jaka, hannu yana ƙamshin sabulu.
Ta ce, Baba, magani tsintsiya ce marar ido,
ta share ɓarawo, ta haɗa da masu gida.
Na ce, waɗanne masu gida?
Ni na sayo ta a Kara, ita kaɗai,
kuɗin kai ɗaya na biya.

Ta yi dariya irin ta uwarta.
Wai a tumbin nan akwai gari sukutum,
cokali guda na ruwansa ya fi Jos jama'a.
Wai ta gan su a madubin likita,
wasu da gashi suna iyo,
wasu kamar ƙwayar acca da aka raba dubu.
Saniya ba ta iya ciyawa ba, Baba,
yanka kawai take ta kai musu, su ke da girki.
Ta ba su ɗaki mai ɗumi, ba haya,
su ba ta tuwo.
In sun mutu ma ba a zaman makoki,
ta narkar da su, su dawo maka a ƙwarya.

Na dubi ƙwaryar. Shekara shida ina shan nonon nan
ban taɓa gode wa masu aikin ba.

Ta ce sai an yi aro,
kamar yadda ake ɗebo wuta a maƙwabta.
Saniya mai lafiya kuwa a nan kusa
ta Da Pam ce, can bayan shingen ƙerana,
shingen da ban tsallaka ba
tun shekarar da ba ma son ambata.

Na tsaya ina gyara hula.
Na sake gyara hula.

Shi ya riƙe ƙahon, ni na buɗe bakin.
Tasalla ta zura hannu ta zaro curin tuƙa,
kore, da ɗumi, da tsami,
yana tururi a sanyin safiya.
Da Pam ya ce, yi sauri, ba sa son iska.
Ashe ya sani. Wai haka kakarsa ke yi wa awaki,
ba madubi, ba farar riga.

Muka dama a ruwan ɗumi, muka ɗura a kwalba,
muka ɗaga kan Kyalla sama.

Daren na biyu ban yi barci ba.
Can wajen ukun dare, rufin kwano na ɗigar raɓa,
sai na ji ta yi gyatsa,
doguwa, mai wari, marar kunya,
sannan muƙamuƙi ya soma niƙa,
dama, dama, hagu,
kamar tsohuwa a kan dutsen niƙa.

Na dafa cikina, shi ma yana ƙugi.
Wa ke nan? Tun yaushe kuka sauka?
Na ci da ku, na yi azumi da ku,
har Makka na kai ku a kujera ɗaya.

Da safe ta ba da rabin ƙwarya.
Na aika Tasalla da shi bayan shinge.
Na ce ta ce masa
baƙinsa sun kwana lafiya.